Kwalekwalen Baban Ladidi

Laraba, 16 ga Maris 2011, da hantsi

Jiya ma Baban Ladidi bai kwana gida ba. Litinin da safe ya haye gada zuwa Adjamé, ya ce zai kwashe fenti da ƙusoshin da suka rage a shago kafin a zo a fasa, kamar yadda aka yi wa shagunan bakin layinsu. Ya ce in ajiye masa tuwo. Na ajiye. Wayarsa a kashe take, amma wayar wa ke shiga tun da rikicin zaɓe ya tashi?

Kwalekwalensa yana nan kife bisa duro biyu a tsakar gida, yadda ya bar shi. Shekara biyu ke nan yana haɗa shi da falankai, Lahadi bayan Lahadi, 'yan hayar gidan nan na yi masa dariya. Wai mutumin da iyayensa suka fito daga Tahoua, inda ba a ganin ruwa sai a rijiya, shi ne zai shiga lagun, babban tafkin garin nan, kamun kifi. Shi kuwa sai ya ce a Treichville aka yanke masa cibiya, kuma a bakin lagun ɗin nan zai tsufa. Abin da ya rage gyaran bayan jirgin ne da fenti. Ya ce dole a gama kafin ruwan Afrilu ya sauko, in ba haka ba katakon zai sha ruwa ya kumbura.

Da safen nan na ga samfefarsa a ƙasa, na ɗauke don kada raɓa ta ɓata ta. Ban san lokacin da na fara gogewa ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ba wani sirri a aikin nan, na sha kallonsa yana yi ina tsince shinkafa. Akwai wani siririn falanki mai tsawo da ya kafa wa samfefa. Sai a shafe katakon da alli, a kama falankin hannu biyu a yi ta gogawa a karkace. Inda allin ya goge, tudu ne. Inda ya rage, kwari ne, sai a kwaɓa garin katako da gam a cike, a bari ya bushe, a sake bi.

Na ɗebo allin Ladidi tunda makaranta a rufe take. Ta leƙo ta ce, "Mama, me kike yi haka? Aikin Papa ne." Na ce to, in ya dawo sai ya tarar an rage masa.

Hannuwana sun yi kanta. Ba komai.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Yaya Mika'ilu ya zo, wan Baban Ladidi. Bai zauna a kujerar da na ba shi ba. Ya tsaya yana juya carbi, yana kallon ƙurar katako a ɗankwalina.

Ya ce, "Zalihatu, an faɗa mini wata magana game da Harisu."

Na ce, "Wa ya faɗa, Yaya?"

Ya ce wani direban gbaka, ƙaramar bas ta haya, ne ya ji daga wani mai sayar da taya, shi kuma yana nesa da shingen da samari suka kafa a hanya lokacin da abin ya faru.

Na ce, "Shi mai tayar ya ga fuska?"

Can ya ce in yi haƙuri, in karɓi abin da Allah ya hukunta, gobe malamai za su zo a yi addu'a, ni kuma in shiga takaba.

Na ce masa, da ladabi na faɗa, Allah shaida ne, ba zan yi wa mai rai takaba saboda direban gbaka ba. A kawo mini wanda ya gani da idonsa. Ya ce ban san halin da garin yake ciki ba. Na ce na sani, a cikinsa nake kwana.

Da ya fita na cike kwari bakwai a gefen dama.

Asabar, da safe

Malamai ba su zo ba. Da sun zo da na ba su ruwa sun sha sun tafi.

Litinin, 21 ga Maris, da azahar

Gas ya ƙare a unguwa, gawayi ma sai wanda ya san wani. Tanti Ahu, maƙwabciyata ta ƙofar kusa mai sayar da aceke, wato wasa-wasar rogo, da soyayyen kifi, ta zo ta tsaya kaina da safe. Shekara goma sha ɗaya muna shanya a igiya ɗaya. Ita 'yar ƙabilar Baule ce, coci take zuwa, kuma tun bayan zaɓe ba mu ƙara zancen labarai da ita ba, sai gaisuwa da aron gishiri.

Ta dafa jirgin ta ce, "Yako, 'yar'uwa." Abin da suke faɗa ke nan in an yi rashi.

Na ce, "Riƙe yakonki, Ahu, ba a yi mini komai ba."

Sai ta fito da abin da ya kawo ta. Gida takwas a tsakar gidan nan, yara ba su ci dafaffe ba tun jiya, ga busasshen katako kife kan duro yana jiran mutumin da... Ta tsaya nan. Na ce ƙarasa. Ba ta ƙarasa ba. Na ce duk wanda ya sa gatari a jikin jirgin nan sai ya fara bi ta kaina.

Na shiga ɗaki na fito da bencinmu, na zare aljihunan kabad ɗina na aure guda uku, na zube mata a ƙafa. Na ce ga itace. Ta kwasa ta tafi. Da rana ta aiko mini da shinkafa a kwano, ban ci ba, Ladidi ta ci.

Talata

Gefen dama ya yi sumul. In na rufe ido na bi shi da tafin hannu, ba inda hannun ke tuntuɓe.

Laraba, bayan magariba

Ladidi ta faɗa mini magana yau. Da Faransanci ta faɗa, don ta san in da Hausa ne bakinta ba zai iya ba. Ba zan rubuta ta ba. Na ɗaga hannu, sai na ga ashe falankin samfefa ne a hannun, na sauke.

Shekararta goma sha biyar. Duk ƙarar da aka yi daga wajen gada sai ta shige ƙarƙashin gado, in ta fito kuma ta yi kamar ɗankunne take nema.

Alhamis, da hantsi

Yaya Mika'ilu ya samu kujeru a wata bas da za ta tashi Asabar daga kusa da Gare de Bassam, ta bi ta Ghana zuwa Nijar. Iyalinsa duka za su shiga, shi zai tsaya gadin sitonsa. Ya ce ya kama mana biyu, ni da Ladidi.

Na ce ya ba wani tawa. In Baban Ladidi ya dawo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, wa zai tambaya?

Ya ce, "Ke wace irin mace ce, Zalihatu?"

Na ce irin wadda ƙaninsa ya je har Katsina ya auro.

Ba ni zuwa ko'ina.

Asabar, 26 ga Maris, da yamma

Na kai Ladidi tasha da kaina. Taurin kai nawa ne, ba dole ta ɗauka tare da ni ba. Na ɗaure mata kaya a jaka ɗaya, na sa mata bargon babanta don an ce da sanyi cikin bas.

Tashar ba wajen sa ƙafa. Mata da katifu a ka, tsofaffi zaune kan buhuna, mutanen da suka shekara arba'in a garin nan suna tafiya da abin da hannu zai iya ɗauka. Na ga Hajiya mai waina ta layinmu da tandarta a hammata.

Ladidi ta riƙe mini zane ta ce, "Mama, don Allah ki zo. Katako ne fa." Da Hausa ta faɗa wannan. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya na miƙa ta ga matar Yaya. Ban jira tashin motar ba.

Na dawo na kama gefen hagu. Akwai wani wuri kusa da hanci inda falankai biyu suka haɗu ba daidai ba, Baban Ladidi ya sha yin ƙorafi a kansa. Na goge shi har kafaɗata ta daina ɗaguwa.

Lahadi

Ɗakin ya yi girma.

Litinin, da azahar

Sun shigo mana yau. Samarin shingen bakin titi ne, ɗaya da bindiga, sauran da sanduna da adduna. Mai bindigar na san shi, a gaban idona ya yi rarrafe, uwarsa na sayar da ayaba a babbar kasuwa. Ya yi kamar bai taɓa ganina ba.

Ya buga jirgin da gindin bindiga ya ce na wane ne. Na ce na mijina. Ya ce ina mijin. Na ce ya fita. Ya ce sun samu labari ana haɗa jirgi a gidan nan don a riƙa tsallako da mutanenmu ta ruwa. Mutanenku, haka ya ce. Ɗaya ya ce a zuba masa fetur.

Na hau na zauna bisa jirgin na harɗe ƙafa. Na ce su zuba. Ban san daga ina muryar ta fito ba.

Sai ga Ahu ta fito da ludayi a hannu, ɗaurin ƙirji kawai. Ta kira mai bindigar da sunan da uwarsa ke kiran sa. Ta ce jirgin nan na kawo mata kifi ne, da ita aka shirya tun farko, wannan baiwar Allah goge mata take yi. Ta ce jirgin da ko fenti babu, wa zai tsallaka da shi, kakarsa? Ta yi ta zazzaga musu da yarensu har sauran suka fara dariya. Suka ɗauki rediyon mai gidan hayar da ke kan taga suka fita.

Da suka tafi na ce, "Ahu." Ta ce, "Kar ki ce komai. Sauko, kina ɓata aikinki." Wurin da ya buga da bindiga ya lotsa. Na cike.

Laraba, 30 ga Maris, da hantsi

Na gama guga. Na share ƙurar da tsumma mai ɗan laima, na bari ya sha iska. Gwangwani biyu na farin fenti na shafar farko suna ƙarƙashin gado tun watan jiya, shi ya kawo su daga shago, ya ce wannan ne ke shiga cikin katako ya toshe shi kafin a sa mai launi. Na buɗe ɗaya da cokali. Warin ya cika ɗakin, warin rigarsa in ya dawo da yamma. Na ɗan zauna a bakin gado tukuna.

Na motsa shi sosai, na tsinka da ɗan kananzir yadda yake yi. Daga tsakiya na fara, ina jan buroshi bin tsawon katako. Katakon sha yake yi kamar mai ƙishi. Ahu ta riƙe mini gwangwanin, tana faɗa mini inda na tsallake.

Kafin azahar ya zama fari fat. Matan gidan suka fito suna kallo. Ba wadda ta yi dariya.

Saura shafa ta biyu. Wannan na bar masa, ya samu abin yi.

Juma'a, 1 ga Afrilu

Ba masallaci yau. Ba fita.

Lahadi, da rana

Ƙasa rawa take yi da ƙarar manyan bindigogi. Duk mutanen gidan mun taru a ɗakin Ahu don shi ne ba ya kallon titi. Masu salla na yi, masu addu'ar coci na yi, yara sun daina kuka sai kallo. Famfo ya ɗauke. In aka ɗan lafa sai in leƙa in ga ko jirgin yana nan. Yana nan.

Talata, bayan la'asar

Hadari ya haɗu ana tsakiyar harbi. Na fita. Ahu tana ihu wai in dawo, na haukace ne? Tampol ɗin da na ɗauko in rufe jirgin bai kai ba, na ƙara da labulen ɗaki da ledar shimfiɗa, na danne da duwatsun murhu. Wani abu ya faɗo kan kwanon banɗaki ya huda shi, ban tsaya dubawa ba. Na jiƙe sharkaf. Jirgin bai jiƙe ba.

Su yi ta yi. Ba ni zuwa ko'ina.

Alhamis

Garin rogo da ruwan sama.

Asabar

Na yi mafarkinsa da rana tsaka, ina zaune. Hannu kawai yake bi da shi a jikin katakon.

Litinin, 11 ga Afrilu, da yamma

Ihu ya tashi a titi, wasu na buga tukwane, wasu sun kulle ƙofa. An ce an gama yaƙin. Ahu ta shiga ɗaki ta rufe, na ji tana kuka, ɗanta yana cikin waɗanda ba a san inda suke ba. Na kai mata ruwan zafi na zauna kusa da ita.

In an gama, to masu ɓuya za su fito. Na share ɗaki, na wanke masa jallabiya.

Laraba

Mijin Rahamatu na ɗakin ƙarshe ya dawo, ya rame kamar sanda. Ɗan Ahu ma ya bugo waya daga wani ƙauye. Na taya su murna.

Alhamis

Kowa na dawowa.

Asabar, 16 ga Afrilu, bayan magariba

Na je Adjamé.

Da asuba na ɗaura zane, Ahu ta gan ni ta ce jira in sa takalmi. A ƙafa muka haye gada, ba mota. Abin da muka gani a hanya, ita ta gani ni na gani, ya isa. Mun toshe hanci da mayafi.

Layin shagunan ba ƙofa ko ɗaya. Namu baƙi ƙirin, gwangwanaye sun fashe, fenti ya malalo har bakin kwata ya daskare. Ina tsaye sai na ji an ce, "Maman Ladidi." Kailu ne, mai gadin layin, mutumin Dogondutsi, tun kafin a yi aurenmu yake wurin. Ya tsufa a wata ɗaya. Ya durƙusa ya kasa gaishe ni.

Na ce, "Malam Kailu, kai ka gani da idonka?"

Ya ce, "Da hannuna na ɗauke shi."

Ya ce ranar Litinin ɗin ce, kafin azahar, a shingen da ke gaban layin. Washegari da sassafe shi da limamin masallacin layi suka roƙa aka bar su suka ɗauka. Sun yi masa wanka, sun yi masa sutura da farin yadin da wani mai shago ya bayar, sun sallace shi. Ya ce an ƙwace masa waya, shi kansa a cikin silin ya yi makonni, ba yadda zai aiko.

Na ce, "Ya sha wuya?" Ya dubi ƙasa ya ce, "Da kalmar shahada a bakinsa, na ji da kunnena." Ban sake tambaya ba.

Ya kai mu maƙabarta. Ya sa alama da murfin gwangwanin fenti, ya kafa a ƙasa wajen kai. Na tsuguna na daidaita ƙasar da hannuna, akwai wuraren da ruwa ya zaizaye. Ahu ta tsaya daga nesa ta rufe kai da zanenta.

A hanyar dawowa ta sake faɗin kalmar nan tasu, yako. Na ce na gode.

Lahadi, da safe

Na samu Ladidi a wayar matar Yaya. Na faɗa mata da Hausa, a hankali, don ta ji kowace kalma. Ta ce, "Na sani, Mama." Muka riƙe layin har katin ya ƙare.

Litinin, 18 ga Afrilu, da la'asar

Yaya Mika'ilu ya zo da malam tun da hantsi. Bai ce ai na faɗa miki ba, Allah ya saka masa. Ya yi kuka kamar yaro, ni na ba shi ruwa.

Malam ya ce ana lissafin takaba tun daga ranar da abin ya faru, ba daga ranar da labari ya tabbata ba. Ashe a cikin takaba na goge jirgin nan kaf, a cikinta na hau kansa na zauna gaban bindiga. Na tambaye shi ko da laifi. Ya ce babu, ban sani ba.

Yaya ya ce hanya ta buɗe, zai sa ni a mota in je Tahoua in ƙarasa takaba cikin dangi, kusa da Ladidi. Ya ce me ya rage mini a garin nan?

Na ce, "Malam, a ina mace ke takaba?"

Malam ya ce a ɗakin mijinta.

Na ce, "To ga ɗakin mijina, Yaya. In an buɗe makaranta a sa mini Ladidi a mota. A nan aka haife ta, a nan ubanta yake kwance."

Ya ce jirgin fa, a nemi mai saye? Na ce ba na sayarwa ba ne. Akwai shuɗin fenti da za a nema, in na fita takaba zan sa a kai shi ruwa, ƙanin Ahu ya iya tuƙi. Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirye ki, Zalihatu." Na ce amin.

Da suka tafi na yaye tampol. Na bi farin da samfefa mai laushi sama-sama, na share, na buɗe gwangwani na biyu. Wannan karon katakon bai sha da yawa ba, fentin ya kwanta lumui. Ban kira Ahu ba, ita ma ba ta fito ba, ta dai kore yara daga tsakar gida. Na yi kukana ina shafawa, na kauda fuska gefe don kada ya ɗiga a kai.

Na gama kafin rana ta juya. Na wanke buroshi da kananzir na rataye a ƙusarsa. Sannan na yi wanka, na cire 'yan kunne da awarwaro na sa a kwano, na shiga ɗaki na ja labule.